Allurar maleji da ta kwanta a hanyar Jibiya

 A wannan mako zan jingine maganar siyasa, in ɗauke ku mu leƙa cikin bonet ɗin tsohuwar mota, domin akwai wani ɗan ƙaramin abu a can, wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba, da muka raina alhali rayukan mutane da aljihunsu suna rataye da shi. Abin da ya jawo maganar kuwa wata tafiya ce da na yi daga Katsina zuwa Jibiya ran wata Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci.

Motar haya na shiga, Golf 3 wadda ta sha duniya, aka ba ni gaba. Mun fita gari ke nan direba ya taka totur, itatuwan gefen hanya suka fara wucewa kamar ana jifa da su. Na kai idona ga dashbod don in ga nawa muke gudu, sai na tarar da allurar maleji kwance a kan sifili, ba ta ko motsi. Na ce masa, "Malam direba, malejin naka barci yake yi ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Alhaji, tun da na sayi motar ga ban taɓa ganin ya motsa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Na ce to, a kimar idonsa nawa muke gudu? Ya ce ba za mu wuce 80 ba. Wani matashi da ke baya ya ciro wayarsa, ya buɗe manhajar taswira mai auna gudu, ya miƙo mana. Mun haura 110. Direban ya yi shiru, ya ɗan ɗaga ƙafa, can kuma ya ce wayar ce ke ƙarya.

Da muka isa Jibiya na shiga kasuwa ina ta juya karin maganar nan tasa a raina. A layin hatsi ban ga mutum ko ɗaya da ya yarda a zuba masa gero da kimar ido ba. Kowa tiya yake nema, wani ma sai ya ƙwanƙwasa gindinta ya ga ko an buge ta. Gero ke nan, wanda idan aka tauye ka a yau za ka iya ramawa a kasuwa mai zuwa. Amma a kan gudun mota, wanda kuskurensa ba ya gyaruwa, mun yarda a auna mana da ido. Duk wanda ke yawan hawa motocin da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Magama da Jibiya, ko waɗanda ke tsallakawa Ɗan Isa su nufi Maraɗi, zai shaida cewa mataccen maleji ya zama ruwan dare, har ba a lissafa shi cikin cututtukan mota.

Akwai dalilin da ya sa lamarin ya yi yawa a irin wannan yanki. Shekaru da dama motocin Kwatano sun yi ta bi ta ƙasar Nijar suna shigowa Arewa, kuma Jibiya ta kasance cikin manyan ƙofofinsu. Daga 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Aka haɗa da faɗuwar darajar Naira da cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Sakamakon haka, direban da a da yake canza mota bayan 'yan shekaru, yanzu sai dai ya yi ta lallaɓa wadda ke hannunsa. Motocin da aka ƙera a shekarun 1990 su ne har gobe ke ɗaukar fasinja da buhuna, suna shan ƙurar hunturu da ruwan damina da zafin bazara. A irin wannan hali, abin da ba ya hana mota tashi shi ake bari a ƙarshen layin gyara.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata mai mota ya san irin malejin da ke motarsa, domin kashi uku ne. Na farko shi ne na kebul, irin na Peugeot 504 da kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna, da sauran tsararrakinta. Wata 'yar giya ce a cikin giyabos take juya wata waya mai lanƙwasa da ke cikin kube, wayar ta hau har bayan dashbod ta juya maganaɗisu, shi kuma ya ja wani ɗan kofin alminiyam da allurar ke manne da shi. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, tun 1902 wani injiniya Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista. A wasu motocin Japan na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, kebul ɗin na nan, amma an ƙara wani ɗan makunni a bayan agogon, wanda ke buɗewa da rufewa yayin da maganaɗisun ke juyawa, ta haka kwamfutar mota ke samun labarin gudu.

Kashi na biyu shi ne wanda aka cire kebul aka maye gurbinsa da na'urar da kanikawa ke kira sensa. Tana zaune a jikin giyabos, tana ƙirga juyawar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyi, ta mayar da ƙirgar zuwa bugun lantarki, ta aika wa agogon maleji da kwamfutar mota, wadda a gareji ake ce wa birenbos. Ita ma iri biyu ce. Akwai mai waya biyu, wadda maganaɗisu ne da naɗin siririyar wayar tagulla a cikinta. Ba ta buƙatar wuta daga batir, da kanta take haifar da 'yar wutar da ke ƙaruwa gwargwadon gudu. Akwai kuma mai waya uku, wadda ke aiki da wata ka'idar lantarki da masanin kimiyya ɗan Amurka, Edwin Hall, ya gano a 1879. Waya ɗaya ke kawo mata wuta, bolt 12 ko 5 gwargwadon mota, ta biyu ita ce at, wato wadda ke komawa jikin ƙarfen mota, ta uku ke ɗaukar saƙo. Golf 3 da Honda Accord na shekarun 1990 irin wannan suke da ita. Kashi na uku shi ne na motocin baya-bayan nan, waɗanda da yawansu ba su da sensar maleji a giyabos sam; daga sensocin birkin ABS da ke gindin kowace taya ake ɗaukar lissafin gudu.

Wannan bayani shi ke rushe maganar da direbobi ke yi cewa maleji ado ne. A 504 ana iya cewa asarar ta tsaya ga idon direba. A motar da ke da kwamfuta kuwa, injin da giya su ma suna jiran wannan saƙo. Mota mai giyar otomatik da saƙon gudu take sanin lokacin da za ta canza giya. Idan saƙon ya yanke sai ta riƙa jinkirin canzawa, ko ta canza da fizga kamar an buge ta ta baya, ko ta ƙi shiga giyar ƙarshe, injin ya yi ta kuka yana shan mai fiye da kima. Wasu motocin kan riƙa mutuwa da zarar direba ya ɗaga ƙafa zai tsaya, saboda kwamfutar ba ta san ko motar na tafiya ko tana tsaye ba. Fitilar inji kan kama a dashbod. A tsofaffin Honda masu otomatik, fitilar D4 kan riƙa ƙyaftawa. A hanyar da shingayen bincike suka yi yawa irin ta Jibiya, inda direba ke tsayawa yana tashi ba adadi, motar da ke mutuwa a kowane tsayi azaba ce ga batir da kik da shi kansa direban.

Wani dattijon bakanike da na zauna a rumfarsa a Magama ya ba ni labarin wani mai Honda da ya zo masa a gigice. An gaya masa a wani gareji cewa giyabos ɗinsa ya mutu, har ya fara cigiyar wanda zai sayi ragunansa don ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo wani. Na ce, "Baba, me ka tarar?" Ya ce, "Ɗana, tambaya guda na yi mashi: malejinka na aiki? Ya ce tun damina ya tsaya. Na zare soket ɗin sensa, na tarar ya yi tsatsa kore shar. Na wanke, na matse bakin, na mayar. Giya ta dawo kamar ba ta taɓa ciwo ba." Ba kowane ciwon giya ne ke ƙarewa da sauƙi haka ba, amma ya isa darasi cewa duk wanda aka ce wa ya sauke giyabos alhali malejinsa a mace yake, ya dakata tukuna a duba ƙaramin abu kafin babba.

To a ina ake samun sensar? A motar da tayoyin gaba ke ja, kamar Golf da Corolla da Camry da Accord, a duba saman giyabos ta can baya, wajen da ke kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, daidai saman inda shaf-shaf biyu ke fitowa zuwa tayoyi. Sau da yawa sai an cire bututun iska, wani lokaci har da batir, kafin hannu ya kai. A motar da tayoyin baya ke turawa, kamar 504 da Hiace da Hilux, a wutsiyar giyabos take, kusa da inda dogon shaf ya fara, kuma ta ƙarƙashi ake isa gare ta. Yawanci ƙusa ɗaya ko biyu ke riƙe da ita. A yi hattara da maƙwabtanta, domin suna kama da juna. Makunnin fitilar ribas yana jikin giyabos ɗin manuwal da waya biyu. Sensar da ke ƙirga juyawar inji a wasu motoci tana kusa da inda inji ya haɗu da giyabos. Giyar otomatik kuma kan zo da sensa biyu, ta shiga da ta fita, kuma ta fitar ce ke da alaƙa da gudun mota. An sha canza lafiyayya a bar marar lafiyar.

Bincike kuwa daga kujerar direba yake farawa, tun ba a taɓa sifana ba. A lura da allura da kuma lambobin da ke ƙirga kilomita. Idan allura ta kwanta amma lambobi na ƙaruwa, saƙo na isowa ke nan, ciwon yana cikin agogon kansa. Idan duka biyun sun tsaya, a nufi kebul ko sensa ko wayoyinta. Idan allura na tsalle-tsalle, musamman in an faɗa rami, to galibi waya ce ta saki ko soket ya yi sako-sako. A motar kebul kuma alama ce ta kebul ya bushe ko ya lanƙwashe. Daga nan a duba fiyus, domin a motoci da yawa fiyus ɗaya sensar ke tarayya da agogunan dashbod. Idan agogon mai da na zafi su ma sun mutu tare da maleji, da wuya laifin ya zama na sensa.

Mataki na gaba shi ne a tambayi motar da kanta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar gwaji. Lambar P0500 na nufin matsala a saƙon gudun mota, P0501 zuwa P0503 danginta ne, P0720 kuma ta shafi sensar fita ta giyar otomatik. Abin da ya fi lambar amfani shi ne a ja motar da na'urar a jone, wani na riƙe da ita yana kallo. Idan na'urar na nuna gudu alhali allura na kwance, sensa lafiyarta ƙalau. Motocin da suka girmi wannan tsari su ma suna magana, da ƙyaftawar fitila. A tsofaffin Toyota ana haɗa ƙofofin TE1 da E1 na soket ɗin gwaji da guntun waya, a kunna makulli, a ƙirga ƙyaftawar fitilar inji; lamba 42 ita ce ta saƙon gudu. A tsofaffin Honda lambar 17 ce. Sai dai a riƙe cewa lamba tana nuna layin da ciwo yake ne kawai. Tana iya zama sensa, tana iya zama waya, tana iya zama agogon, domin a Toyota da yawa na wancan zamani saƙon sai ya ratsa ta agogon maleji kafin ya isa kwamfuta.

Sai a zo ga ido da hannu. A zare soket a duba tsatsa da laka da mai. A bi wayoyin a ga ko sun goga da ƙarfe sun kwaile, ko zafin salansa ya narkar da su, ko ɓera ya ci. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi, wanda masu wankin mota ke alfahari da shi, yana cikin abubuwan da ke cusa ruwa a soket. A tuna kuma ko matsalar ta fara ne bayan an sauke giya don canza kuloci, domin ba sau ɗaya ba yaron gareji kan manta bai mayar da soket ba, ko ya danne waya tsakanin ƙarafa.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai mai wayarin ya ɗauko mitarsa. Ga sensa mai waya uku, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a auna ko wuta na zuwa, a tabbatar at ɗin na da kyau. Sannan a mayar da soket, a saƙa tsinin mita ta bayansa a kan wayar saƙo, a ɗaga tayar gaba ɗaya, ɗayar na ƙasa, giya a firi, a juya tayar a hankali da hannu. Lafiyayyar sensa za ta sa mita ta riƙa hawa da sauka, a Honda tsakanin sifili da kusan bolt 5. Idan wuta na zuwa, at na da kyau, amma mita ta tsaya cak, zargi ya koma kan sensar ko 'yar giyar da ke juya ta. Ga mai waya biyu, a zare ta a auna juriyar naɗin da ke ciki. Adadin ya bambanta daga mota zuwa mota, amma idan mita ta nuna layin a yanke yake, ko ta nuna sifili, ta mutu. Ana kuma iya sa mita a ma'aunin wuta mai kai-komo a juya taya da ɗan sauri, a ga ko tana haifar da wuta. Idan sensa ta ci jarrabawa, a auna wayar saƙo daga soket har bayan dashbod, a nemo inda ta katse.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, kada a yi amfani da ƙwan fitilar gwaji a kan wayar saƙo, irin wanda masu wayarin suka saba tsikara wa kowace waya, domin yana iya jan wutar da za ta lahanta sensa ko kwamfuta. Huda rigar waya da allura shi ma ƙofa ce ake buɗe wa ruwa. Na biyu ya shafi rai: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi irin na yankinmu. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, a tokare motar da abin da ba zai goce ba.

Idan aka kai ga cire sensa, a dubi bakinta. Mai maganaɗisu kan tara garin ƙarfe har ya toshe mata gani, gogewa kawai kan wadatar. Amma idan garin ya yi yawa, giyabos ne ke cin kansa, a bincika. Mai 'yar giyar roba a ƙasa, a duba haƙoran ko sun cinye. Idan za a canza, a ƙirga haƙoran a sayo daidai su, domin giyar da ba tata ba za ta sa maleji ya riƙa ƙarya, kuma wannan kan faru idan aka sa wa mota giyabos ɗin wani samfuri. A canza zoben robar da ke hana mai tsiyaya. A motar kebul kuwa aikin ya fi sauƙi: a kwance shi daga giyabos, a murza cikinsa da yatsu, wani na kallon allura. Idan ta motsa, kebul da agogo lafiya, a duba giyar da ke ciki. Idan ba ta motsa ba, a zaro wayar a ga ko ta tsinke ko bakinta mai kusurwa huɗu ya lashe.

Bayan gyara a gwada gaskiyar malejin. Motar da ke tafiya a 60 tana cin kilomita ɗaya ne a minti ɗaya, kuma wayar hannu mai taswira na iya zama shaida, in fasinja ne ke riƙe da ita. Masu sa wa mota tayoyin da suka fi nata girma don ɗaukar kaya su sani cewa malejinsu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunsu. Masu motocin Amurka kuma su lura cewa manyan lambobin da ke agogonsu mil ne, kilomita su ne ƙanana na ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka wanda allurarsa ke kan babbar lamba 80 yana gudun kusan kilomita 129 ne a sa'a.

Akwai wani ɓangare da ba zan tsallake ba, ko da zai ɓata wa wasu rai. Ba kowane maleji ne ya mutu da kansa ba, wani kashe shi aka yi. Akwai direban da ke zare soket don kada mai mota ya san nisan da aka yi da ita. Akwai dillalin da ke mayar da lambobi baya don tsohuwa ta koma budurwa a idon mai saye. Wannan da tauye mudu duk ɗaya ne, kuma cutarwarsa ta wuce ta kuɗi. Da ƙirgar kilomita ake sanin lokacin juye baƙin mai da man giya, da ita ake sanin lokacin canza taimin bel, wanda idan ya tsinke ana cikin tafiya yakan lalata inji a wasu motoci. Wanda aka sayar wa mota da lambobin ƙarya an ɓoye masa ranar da za ta yashe shi a daji. A hanyar da kowa ya san halin tsaronta, lalacewar mota bayan faɗuwar rana ba ƙaramar musiba ba ce.

Na san abin da direbobin wannan hanya za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce shekarun da aka sha na hare-haren 'yan bindiga sun koya musu cewa akwai wuraren da ba a tafiyar hawainiya, kuma shingaye na cinye musu lokaci, dole su rama a inda hanya ta buɗe. To amma mu yi lissafi. Mu ƙaddara tafiyar kilomita 45 ce. A gudun 80 za ta ci kusan minti 34, a gudun 110 kusan minti 25. Ribar duka minti 9 ce. A ɗaya ɓangaren, motar da ke gudun 110 tana shafe sama da mita 30 a daƙiƙa ɗaya, tun direba bai kai ƙafa ga birki ba, alhali mai gudun 80 mita 22 take yi. Nisan da birki ke buƙata kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 80 zuwa 110 ya kusa ninki biyu, kafin a sa nauyin buhuna da tsufan taya a lissafi. Jakin da ya faɗo titi a Daddara, ko yaron da ya tsallaka da tallan gyaɗa a Magama, wannan bambanci ne ke yanke hukuncin makomarsa. Ko wanda tsoro ya tilasta wa gudu, gara ya san nawa yake yi. Jikin ɗan Adam na sabawa da gudu. Bayan ɗan lokaci a kan miƙaƙƙiyar hanya sai 110 ta zame masa kamar 80, abin da ya faru da direbanmu ke nan, kuma ba ƙarya ya yi mini ba, abin da jikinsa ya gaya masa ya faɗa.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa motocin haya kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 90 a kan tagwayen hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu gadan-gadan daga Fabrairun 2017. Manufar mai kyau ce, amma da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori da saƙon sensar nan suke dogara. Ta yaya za a taƙaita abin da ba a aunawa? Ina ganin da jami'an hukumar da na duba lafiyar motoci za su ba maleji muhimmancin da suke ba fitila da takardu, su kuma fara da wayar da kai kafin tara, da an ga canji. Ƙungiyoyin direbobi da ke tashoshin Katsina da Jibiya sun fi kowa iko a nan, domin su ke ba da layin lodi. Za su iya ware wa'adi, su haɗa kai da masu wayarin na gari a duba motocin mambobinsu a farashi mai sauƙi. Kanikawa kuma su koya wa yaransu aiki da mita kafin canza kaya, domin canje-canjen lalube shi ke sa talaka ya ji tsoron gareji.

Mu fasinjoji ma da namu. Muna da bakin yin ciniki a kan kuɗin mota, muna da bakin faɗa idan an matse mu a kujera, amma idan ana gudu da mu sai kowa ya yi gum don kada a ce masa matsoraci. Ba rashin kunya ba ne ka dubi dashbod ka tambayi direba cikin ladabi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da yamma da zan komo Katsina, na sake cin karo da direban nan a tasha yana jiran layi. Ya gane ni, ya taso muka gaisa. Ya ce, "Alhaji, maganar nan taka ta tsaya mani a rai. Gobe in na sauke lodin farko zan biya wurin mai wayarin." Na gaya masa ya ce a fara duba soket da fiyus kafin a aike shi sayen sabuwa. Ko ya je ko bai je ba, a tafiyata ta gaba zan duba allurarsa. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya sauki matafiya lafiya.